Inshorar lafiya: in gwamnati ta ɗan janye hannu, talaka zai sha wuya ko zai samu sauƙi?

Ɗan Ƙofar Mata:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun 2022 da Buhari ya sa hannu kan dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, aka ce inshorar lafiya ta zama dole a kan kowane ɗan Najeriya. Amma har gobe mai katin inshora idan ya je asibiti shi ake bari a ƙarshen layi, a rubuta masa magani a ce babu, ya je ya saya a waje. Wasu na cewa maganin abin shi ne gwamnati ta ƙara zuba kuɗi. Wasu kuma na cewa hannun gwamnatin ne ya yi yawa, ita ke tara kuɗin, ita ke yanke farashi, ita ke da asibitin, ita ce kuma alƙali. Ina son waɗanda suka san harkar su warware mana hujjar ɓangare na biyun nan. A ina takamaimai hannun gwamnati ke ɓata lamari, kuma in ta janye wa zai riƙe marar ƙarfi?

Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam, Malam. Bi kuɗin daga inda suka fito zuwa inda suka tsaya, za ka ga amsarka.

An yi dokar NHIS, tsohon shirin inshorar da NHIA ta gada, a 1999, shirin bai fara aiki ba sai 2005 lokacin Obasanjo. A takarda, mai ba da aiki zai biya kashi 10 cikin 100 na ainihin albashi, ma'aikaci ya biya kashi 5, katin ya ɗauki ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Tun nan ma ka ga tsarin bai yi la'akari da gidan Bahaushe mai mata biyu da 'ya'ya goma ba, sauran sai an biya musu daban.

Hanya biyu ake biyan asibiti. Ta farko kuɗin kai ce: kowane wata ana ba asibitin da ka zaɓa wani adadi a kan sunanka, ko ka je ko ba ka je ba, shi kuma ya ɗauki zazzaɓinka da awon matarka da ƙananan gwaje-gwaje. Ta biyu biyan aiki ce: tiyata, ganin ƙwararren likita, hoto, waɗannan sai asibiti ya yi aikin sannan ya aika da takardar neman biya bisa farashin da hukuma ta rubuta.

Matsalar farko tana nan. An sa kuɗin kai Naira 750 a 2012, ya zauna a haka fiye da shekara goma. A tsakanin nan Naira ta faɗi sau da dama, musamman bayan Yunin 2023 da Dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni. Yawancin magani da sinadaran haɗa shi daga Indiya da China ake shigo da su. Ɗan kasuwa kan sauya farashinsa cikin mako guda, hukuma kuwa sai an kafa kwamiti, an yi lissafi, majalisar gudanarwa ta zauna. Sai 2024 aka yi ƙari, aka sake wani a 2025 da ya kai kuɗin kai wajen Naira 1,450.

Yi lissafin ƙaramin asibitin kuɗi mai mutum 200 masu kati. A tsohon farashi yana karɓar Naira 150,000 a wata. Mu ƙaddara mutum 40 ne suka zo a watan: kowanne ya tashi a ƙasa da Naira 4,000, kuma a ciki ne za a fitar da gwajin jini, da maganin zazzaɓi, da albashin nas, da man janareta. Mai asibiti ba zai rufe ba, ba kuma zai yi asara da gangan ba. Abin da zai yi sananne ne: ya ce maganin ya ƙare, ko ya ba da mafi arha, ko ya ware wa masu kati rana da layi, ko ya yi saurin tura marar lafiya babban asibiti don nauyin ya bar kansa. Abin da Malam ya gani a bakin tagar magani ke nan. Farashin da aka danne ba ya ɓacewa, yana komawa jira da “babu”.

Matsala ta biyu, wanda ke amfani da katin ba shi ne mai zaɓin wanda ke riƙe kuɗinsa ba. Ma'aikatarsa ce aka haɗa da kamfanin HMO, wato kamfanin da ke tsakani yana biyan asibiti a madadin shirin. Idan kamfanin ya yi wata uku bai biya asibiti ba, ko ya ja ƙafa wajen ba da lambar izinin tiyata, ma'aikaci ba shi da ikon kwashe kuɗinsa ya kai wani wuri. Don haka kamfanin ba ruwansa da faranta wa marar lafiya, wanda ke ba shi kaso yake lallaɓawa. Rigimar da aka yi ta yi tsakanin Farfesa Usman Yusuf da kamfanonin HMO, lokacin da ya shugabanci NHIS daga 2016 zuwa 2019, a kan wannan kuɗin ne da basussukan asibitoci. Har sai da ta kai NHIA ta ba da umarni a 2025 cewa lambar izini kada ta wuce awa ɗaya. Inda akwai gasa ta gaskiya, kamfanin da ke sa mai naƙuda jiran lamba ba ya buƙatar umarni, abokan cinikinsa ne za su watse.

Ta uku, gwamnati ce mai asibitin koyarwa da babban asibiti, ita ce mai biyan albashin likita, don haka duk saɓanin alawus ya zama yajin aikin ƙasa baki ɗaya. In NARD, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, ko JOHESU, gamayyar sauran ma'aikatan lafiya, sun ajiye aiki, asibitin koyarwa na Kano da na Maiduguri da na Sakkwato duk rana ɗaya suke tsayawa. Shugaban asibiti ba shi da ikon ƙara wa likitan da ke shirin tafiya Saudiyya albashi, ko sallamar wanda ba ya zuwa aiki.

Shekara ashirin da fara shirin, waɗanda ke da inshora ba su wuce kusan mutum ɗaya cikin goma ba. Wannan kaɗai ya isa a tambayi tsarin.

Bamaradiya:

Malam Mai Lissafi ya yi maganar farashin da aka danne. Ni zan kawo na kyauta ɗungum, don mu a Nijar an gwada.

A 2005 aka ce tiyatar haihuwa kyauta ce, a 2006 aka ƙara da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki. Tsarin shi ne likita, wato asibiti a Hausarmu ta Nijar, ta duba yaro, ta ba shi magani ba a karɓi ko dala ba, majo, wato babban nas, ya cika takardu, a aika gunduma, daga nan jiha, daga nan Yamai, sannan baitulmali ta maido da kuɗin. A shekarun farko an ga alheri ƙarara, uwaye sun riƙa kai yara da wuri, mutuwar yara ta ragu. Wannan ba a musunsa.

Abin da ya biyo baya shi ne kuɗin ba sa dawowa kan lokaci. Watanni suka zama shekaru, bashin da likitoci ke bin gwamnati ya kai biliyoyin sefa. Kafin nan, tun tsarin Bamako na 1987, kowace likita na da ɗan asusunta: a sayar da magani da 'yar riba, kwamitin gari ya riƙe kuɗin, a sake sayo wani. Yara su ne mafi yawan masu zuwa, to da aka daina karɓar kuɗinsu kuma gwamnati ba ta maido ba, asusun ya bushe. Ganin majo kyauta, amma takardar magani sai farmasi. Wani lokaci abin da uwa za ta kashe a farmasi ya fi abin da take biya a da.

Gana ma haka. Shirinsu na 2003 ya fi namu tsari, yana da harajinsa na kashi 2.5 da ake ɗorawa kan kaya. Amma kuɗin sai sun bi ta ma'aikatar kuɗi, kuma sau da yawa asibitocin mishan sun yi barazanar daina karɓar kati saboda bashin watanni.

Ba na cewa kada gwamnati ta biya wa yaro. Ina cewa wanda ya yi alkawarin kyauta a filin taro ba shi ke cika shagon magani ba, kuma majo ba shi da kotun da zai kai baitulmali.

Likitan Yara:

Hajiya da Malam, duk abin da kuka faɗa haka yake, amma ku bar ni in ja birki, kada mai tambaya ya tafi da rabin magana.

Najeriya ba ƙasar da gwamnati ta cika hannu a lafiya ba ce. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. A Abuja aka yi alkawarin 2001 na ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya galibi tana yawo ne wajen kashi 5. Wato kasuwar da ake kira a sakar wa mara, a cikinta muke tuntuni, kuma mun san kamanninta: a sayar da akuya a kai yaro asibiti bayan jininsa ya ƙare.

Lafiya ba ta bin ƙa'idar ciniki yadda shinkafa ke bi, kuma masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya yi bayanin dalilin tun 1963. Marar lafiya bai san abin da yake buƙata ba, mai sayarwa ne ke gaya masa. Matar da mahaifa ta rabu tana zubar da jini ba ta zagaya asibiti uku tana taya farashi. Sannan inshorar ganin dama tana da cutar da ke cinye ta: mai ciwon suga da mai ciki ne ke rububin shiga, saurayi mai ƙarfi ya ƙi. Kuɗin shiga ya tashi, masu sauran lafiya su fice, ya sake tashi. Kamfani kuma zai kare kansa da ƙin karɓar mai sikila da tsoho, su ne kuwa suka fi buƙata.

Masu cewa a bar mutum ya biya wani abu don ya daina zuwa asibiti kan mura suna kafa hujja da gwajin inshorar lafiya da cibiyar bincike ta RAND ta yi a Amurka daga shekarun 1970 zuwa 1982. Gaskiya ne waɗanda aka sa su biya kaso mai yawa sun rage zuwa asibiti da wajen kashi 30, kuma yawancinsu lafiyarsu ba ta taɓu ba. Amma sun rage mai amfani da marar amfani duka, kuma talakawa masu hawan jini sun fi samun sauƙi a tsarin kyauta. Su ne mutanenmu.

Singafo da ake yawan ambato: e, tun 1984 suna da Medisave, asusun da ma'aikaci ke tara kuɗin lafiyarsa. Sai dai dole ne, gwamnati ke cirewa daga albashi, ita ce mai yawancin gadajen asibiti, ta kuma ƙara da Medifund a 1993 don wanda ya gaza. Suwizalan da Holan kamfanoni masu zaman kansu ke yin inshorarsu, amma doka ta hana su korar kowa, kuma hukuma na tallafa wa mai ƙaramin ƙarfi ya biya. Babu ƙasar da ta rufe kowa da inshora ba tare da tilas da tallafi ba.

Rigakafi, feshin sauro, sa ido kan ɓarkewar kwalara da sanƙarau, kama jabun magani: waɗannan babu ɗan kasuwar da zai yi su, don babu wanda zai aika wa takardar biya.

Mai Kemis a Fagge:

Likita, Allah ya ƙara basira. Amma kashi 70 ɗin nan da ka ambata, ina yake tafiya? Kaso mai yawa a cikinsa magani ne, kuma a nan hannun hukuma yana ƙara tsada ta hanyoyin da ba a gani.

Mai haɗa magani a gida ya daɗe yana biyan kuɗin fito kan sinadarai da kwalabe da injina, ga jinkirin tashar ruwa, ga lantarki. A Yunin 2024 Tinubu ya sa hannu kan umarnin cire haraji da kuɗin fito daga kayan haɗa magani na shekara biyu. Wannan amsa laifi ne: da can harajin yana cikin farashin kowane kwali. GSK, babban kamfanin magani na Birtaniya, ta sanar da daina harkarta kai tsaye a Najeriya a Agustan 2023, lokacin da samun Dala ya gagara, masu asma sun san yadda farashin abin shaƙarsu ya koma.

Sai batun wa aka yarda ya yi me. A ƙauye ba likita, ba mai harhaɗa magani, kemis ne asibitin farko. Doka ta taƙaita shi ga magungunan da ba sa buƙatar takardar likita, amma kowa ya san abin da ke bayan kanta. Hanin bai hana komai ba, ya dai sa ana yi a ɓoye ba horo. Abin da ya fi shi ne a koya masa gwajin zazzaɓi na tsinke, da ORS da zinc na gudawa, da ƙirga numfashin yaro, da alamomin da in ya gani zai tura asibiti nan take, sannan a riƙa duba shi. Manufar gwamnati ta 2014 ta raba ayyukan lafiya tsakanin ma'aikata ta buɗe wa ma'aikatan lafiya na matakin farko irin wannan ƙofa, kuma duk lokacin da za a faɗaɗa ta, ƙungiyoyin sana'a ne ke fara tayar da jijiyar wuya.

Ga kuma shaida cewa inda aiki ke da tsari kuma ba na gaggawa ba ne, farashi na sauka ba da umarni ba. Asibitin ido na Aravind da aka kafa a Madurai ta Indiya a 1976 yana cire yanar ido da yawan gaske, masu biya na ɗaukar nauyin marasa biya. A Kano mutane na tsallake asibitin gwamnati su tafi asibitin ido na ECWA ko na Makka, a Nijar su tafi Galmi. Ba wanda ya tilasta musu.

Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne jabu. NAFDAC ƙarfi take buƙata, ba ragi ba. Mai saye ba zai iya gane garin alli daga maganin zazzaɓi da ido ba.

Mai Lissafi:

Likita ya kawo gyara mai kyau, kuma ina ganin saɓaninmu bai kai yadda ake zato ba. Ayyuka huɗu ne gwamnati ta haɗa a hannu: biya, tara kuɗi da sayen aiki, mallakar asibiti, da sa ido. Na farko da na ƙarshe nata ne, ta ma ƙara. Na tsakiyan biyu ne ake cewa ta sassauta.

Biya: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, dokar 2022 kuma ta kafa asusun marasa ƙarfi, wanda Buhari ya ce zai ɗauki mutum miliyan 83. To kuɗin su bi mutum: a biya wa bazawara kuɗin shiga, ita ta zaɓi inda za ta yi rajista, ta kuma iya sauyawa duk shekara. An ga alamar amfanin sakin hannu a NSHIP, wani shirin inganta lafiya da aka gwada a Adamawa da Nasarawa da Ondo, inda aka riƙa tura kuɗi kai tsaye asusun ƙaramin asibiti, shi da kwamitin unguwa su sayi magani daga dillalin da aka tantance su gyara rufi. Magani ya samu, ba tare da jiran motar sito daga babban birni ba.

Tara kuɗi: ba dole sai hukumar jiha irin KSCHMA ta Kano kaɗai ba. Dokar 2022 ta san da ƙungiyoyin taimakon juna, kuma wannan ya fi kwanta wa mutanenmu, tun da malamai da yawa na ƙyamar inshorar kasuwa saboda garari, wato rashin tabbas a cikin ciniki, amma sun yarda da takaful, inshorar Musulunci, wanda hukumar kula da kamfanonin inshora NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013.

Ga misalin lissafi, kowa ya sa nasa adadin. Ƙungiyar 'yan kasuwa mai gida 500, kowane gida Naira 3,000 a wata, miliyan 18 ke nan a shekara. Kada asusun ya taɓa mura da ƙaramin zazzaɓi, su ke cinye kuɗi da takardu. Ya tsaya kan kwanciya da tiyata, da iyakar Naira 500,000 ga gida. In an samu larura 30 a shekara, kowace ta ci wajen 400,000, an kashe miliyan 12. Gudanarwa kada ta wuce kashi 15, miliyan 2.7. Saura miliyan 3.3 ajiya.

Inda irin wannan ke mutuwa sananne ne. In an bar mutum ya sa matarsa mai ciki kaɗai, an gama, don haka gida duka ke shiga, kuma sabon shiga ya jira wata uku, haihuwa wata goma. Mutum biyu masu wankin ƙoda sun isa su kwashe ajiyar shekara, shi ya sa ƙaramin asusu dole ya sayi kariya daga babban kamfanin takaful, ko gwamnati ta ɗauki ƙoda da ciwon daji da sikila a kanta, wanda shi ne ma aikin da ya fi dacewa da ita. A yi yarjejeniya da asibiti biyu ko uku, farashin tiyatar haihuwa da ta ƙaba da ta afendis a rubuce, a sake zama kansa duk wata shida, kuma a biya cikin kwana 30, don asibitin da ake biya kan lokaci shi ke yin ragi. Kuɗi a banki da sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a gaban taro. Manoma kuma kada a bi su wata-wata, a karɓi na shekara gaba ɗaya da kaka.

Likitan Yara:

Na yarda da tsarin, da sharaɗi biyu, Malam. Jiran wata goma na haihuwa kada ya hau kan matar da ta zo da jijjiga ko zubar jini. Kashi 5 na BHCPF na gaggawa ne, daga nan ya kamata a biya kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, da ya karɓe ta ba tare da neman kuɗin ajiya ba. Na biyu, asibitin da aka ba ikon yanka farashinsa dole a riƙa duba yawan tiyatar da yake yi. In ana biyan tiyatar haihuwa ninki biyar na haihuwa da kai, za ka ga tiyata ta yawaita ba dalili, kamar yadda ta faru a asibitocin kuɗi na Brazil da Masar. Kowane asibiti ya riƙa miƙa adadin haihuwa, da na tiyata, da dalilin kowace, duk wata uku, kuma wanda zai duba takardun kada ya zama ma'aikacin ƙungiyar ko na asibitin.